Sabo da zaman ɗalibta a ƙananan kwalejojin karkarar Kano da Jigawa

Sabo da zaman ɗalibta shi ne ɗan lokacin nan da sabon ɗalibi yake ɗauka kafin jikinsa ya karɓi makaranta da garin da take ciki, yawanci zangon karatu na farko ne, wasu kam sai sun ci shekara guda. A ƙananan kwalejojin da ke wajen birnin Kano da kuma na Jigawa abin ya bambanta da na manyan jami'o'i, saboda makarantar ba ta ɗauke wa ɗalibi komai, ruwa da wuta da abinci da sau da yawa har ɗakin kwana duk a cikin gari ake nemansu, to kusan rabin sabon da garin ake yinsa ba da aji ba. Irin waɗannan makarantu sun haɗa da kwalejin ilimi ta Gumel, da kwalejin ilimi ta tarayya da ke Bichi, da kwalejin aikin gona ta Audu Baƙo a Dambatta, da kwalejin ilimi da shari'a ta Ringim, da makarantar kiwon lafiya ta Jahun, da ta koyon jinya da ungozoma a Birnin Kudu.

Asali

Barin gida don neman ilimi ba boko ne ya kawo shi ƙasar Hausa ba, tun da can almajirai da gardawa suna tafiya gabas, su sauka a garin da ba su san kowa ba, malami ya nema musu zaure, matan gari su riƙe su da abinci. Wannan tsohuwar al'ada ta uwar ɗaki ita ce har gobe take sauƙaƙa wa ɗan kwaleji zama, ko da shi bai san daga nan ta samo tushe ba.

Ta ɓangaren boko kuwa, makarantar da Bature Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909 da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920 duk na kwana ne, kuma a kan wannan tsari aka gina makarantun horon malamai da suka zo daga baya. Bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967 ƙarƙashin Audu Baƙo, sai kuma shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya zo a 1976, nan take aka shiga neman malamai ido rufe, aka yi ta buɗe makarantun horon malamai a garuruwan masarautu da manyan gundumomi maimakon a cusa su duka cikin birni. A 1977 ma aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, su ma a wajen birni, don dai an yi imani cewa yaro ya fi karatu in an nisanta shi da hayaniya. Kwalejin Gumel ta fara ne a matsayin babbar makarantar horon malamai wajen 1980, tun Gumel tana cikin jihar Kano, ta Bichi kuma a wajen ƙarshen shekarun 1980. Da aka yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991 sai sabuwar jihar ta gaji wasu, ta kuma ƙara wasu, aka rarraba su tsakanin masarautunta biyar, Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, kowace ta samu nata rabo.

Abin da ya fi canzawa tsakanin wancan zamani da yanzu shi ne ciyarwa. Ɗaliban makarantun horon malamai na da gwamnati ce take ba su abinci da wurin kwana har da ɗan alawus, wanda ya yi wannan zamani in yana ba da labari sai ka ɗauka wata ƙasa yake nufi. A hankali aka janye tallafin, musamman daga tsakiyar shekarun 1980 da tattalin arziki ya tsuke, aka bar ɗalibi da tukunyarsa. Daga nan ne risho da buhun garin kwaki suka shiga cikin kayan tafiya makaranta.

Su wa ke zuwa

Kashi uku ne a taƙaice. Akwai 'yan ƙauyukan kewaye, su a wurinsu garin kwalejin ma birni ne, wasu kullum suke zuwa a kan babur ko keke su koma. Akwai 'yan birni da hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ba ta ba su jami'a ba suka karɓi karatun shaidar malanta ta NCE mai shekara 3 ko difloma mai shekara 2, waɗannan su suka fi shan wuya da farko. Sai kuma 'yan wasu jihohi, har da waɗanda ba sa jin Hausa sosai.

Makon farko

Mai zuwa Gumel ko Haɗejiya daga Kano a tashar Yankaba yake hawa mota, da katifa ƙarama a naɗe an ɗaure da igiya, da bokiti, da jarka, da buhu mai ɗauke da shinkafa da wake da taliya da ƙullin yaji da ƙuli-ƙulin da uwa ta cusa a ƙarshe. Rajista ce take cinye kwanakin farko, a biya kuɗi ta intanet a shagon kwamfuta, a buga takarda, a bi layi ofis-ofis ana neman sa hannu, kuma in sabis ya ɗauke sai gobe. Tsofaffin ɗalibai suna gane sabo tun daga nesa da fayil ɗin da yake rungume da shi a ƙirji, suna ta tsokanarsa, amma dai a cikinsu ne wani ɗan garinsu zai fito ya ce zo ka ajiye kayanka a ɗakinmu kafin ka samu wuri, kuma sau da yawa wannan kafin ɗin shi ne har ƙarshen shekara.

Masauki da mutanen gari

Hostal ba ya isar kowa, an fi ba mata fifiko a cikinsa, maza da yawa haya suke kamawa a cikin gari, mutum 3 ko 4 a ɗaki ɗaya, wani lokaci shago ne a jikin gida ko soron da aka sa wa ƙyaure. A nan ake gane wanda zai ji daɗin zama. Garuruwan nan kowa ya san kowa, ɗalibin da ya wuce majalisar dattawa bai rage tsawo ya gaishe su ba kafin magariba labarinsa ya zaga unguwa, wanda kuma yake fitowa sallar asuba a masallacin layi, ya je gaisuwar mutuwa, ya ɗan koya wa yaran gida lissafi da yamma, shi kam ya zama ɗan gida. Maigidan da ake haya a wurinsa Baba ake ce masa, matar gidan Iya ko Gwaggo, su kuma suna kiran ɗalibi Malam ko da bai fi shekara 18 ba. Ba abin mamaki ba ne da daddare yaro ya yi sallama da kwano a rufe ya ce, Malam wai in ji Iya ga tuwo, kuma ƙa'ida ce ba a mayar da kwanon haka nan, ko sabulu ko ɗan sukari sai an sa a ciki wata rana.

Ruwa na tuƙa-tuƙa ne ko rijiya ko a saya wurin 'yan garuwa, layin asuba a bakin famfo kuwa nan ake jin duk labarin gari. Wuta ba a dogara da ita, waya a shagon caji take kwana, a ba ka 'yar lamba a kati ka riƙe, yanzun dai sola ta rage wannan wahala. Kuɗi kuma wurin mai POS.

Harshe ma sai an saba. Bakano in ya je gabashin Jigawa zai ji Hausar da ta ɗan sha bamban da tasa, ga Fulatanci a kasuwa da rugage, ga Manganci ta wajen arewa maso gabas.

Ci da sha

Garau-garau shi ne sarki, shinkafa da wake da mai da yaji, sai taliya da manja, sai ɗanwake, sai awara da yamma a bakin ƙofar makaranta. 'Yan ɗaki sukan haɗa kayan abincinsu wuri ɗaya a riƙa girki bi da bi, kuma mafi yawan faɗan ɗaki daga nan yake tashi, wa ya ƙarar da mai, wa bai wanke tukunya ba. Da kananzir ya yi tsada an koma gawayi da ƙaramar tukunyar gas, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da kuɗin mota ya sa zuwa gida ƙarshen mako ya zama sai an yi lissafi. Ranar kasuwa ce ranar sayayya da sauƙi, Lahadi a Dambatta, Alhamis a Maigatari ga 'yan Gumel, kuma ranar ajin yakan yi ɗan sako-sako don wasu ɗaliban su ma 'yan kasuwa ne. Ƙarshen zango in buhu ya yi ƙasa sai garin kwaki da ƙuli, fura da nono dai ba ta yankewa kuma ta fi ta birni arha.

Karatu

Wanda ya fito daga sakandaren da ake fassara masa komai da Hausa yakan sha mamaki da lakca da Turanci zalla, malami ya yi bayani ya fita. Ana cike giɓin da tutoriyal, wato ɗalibin da ya gane ya tara 'yan'uwansa a aji da daddare ya maimaita musu da Hausa. Kalmar da sabon ɗalibi ya fi tsoro ita ce kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita shi. 'Yan NCE suna fita koyarwar gwaji a makarantun ƙauyuka kafin su gama, wanda shi ma wani sabon ne daban.

Ƙungiyoyi

Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, ita ta fi ƙarfi, sai ta ɗalibai Kirista da ƙungiyoyin 'yan ƙaramar hukuma ɗaya.

Saɓani

Ana samun ƙorafi daga ɓangarorin biyu. Wasu mutanen gari suna cewa ɗalibai sun kawo shigar da ba a saba da ita ba da hirar dare, ɗalibai kuma suna cewa ana tsauwala musu kuɗin haya ana sa musu ido. Makarantu da yawa suna da dokar sutura, ana kuma muhawara a kan yadda ake aiwatar da ita.

Yanayin shekara

Sanyin hunturu daga Disamba zuwa Janairu yana hana wankan safe, zafin Afrilu kuma yana korar maza su kwana a waje kan tabarma. Da damina sauro ne da zazzaɓi, a yankin kogin Haɗejiya kuma ambaliya takan yanke hanya kamar yadda aka gani a 2022. A wannan lokaci ne kuma 'yan ƙauye sukan ɓace daga aji kwana biyu ko uku, sun tafi noman farko ko maimai a gonar gida, su dawo da hannu duk kanta su ari littafin abokin zama su kwafe abin da ya wuce su.