Ma'anar 10W-40 da FC-W a jikin galan ɗin baƙin man babur ɗin ruwa

Ɗan ƙanwata yana cikin samarin da suka jingine acaɓa bayan dokar da gwamnatin Legas ta kafa a watan Yunin 2022, wadda ta hana haya da babur a Eti-Osa da Apapa da Ikeja da wasu ƙananan hukumomi. Allah ya buɗe masa wata ƙofar, ya samu aiki a wani gida na bakin ruwa a Ikoyi, yana gadi, yana kuma wanke jirgin maigidan da babur ɗinsa na ruwa, wanda kowa a nan yake kira jet-siki. Kwanan baya ya kira ni daga bakin wani shago.

"Kawu, maigida ya rubuto mini 10W-40 FC-W a takarda, ya ce in sayo. Mai shago ya ce ba shi da shi, amma ga 20W-50 irin wanda nake zuba wa babur ɗina, wai ya fi kauri, shi ya dace da zafin Legas. In karɓa?"

Na ce, "A'a ɗana, kada ka karɓa. Koma da kuɗin mutane, gobe in Allah ya kai mu zan raka ka inda ake sayar da na ruwa."

Mai shagon ba cutarsa ya yi niyyar yi ba. Abin da duk muka taso muka tarar ya faɗa: a ɗiga baƙin mai a yatsa, a murza, in ya yi danƙo a ce mai kyau ne. Ni ma da haka na fara sana'ar gyaran inji, kuma na daɗe kafin in gane cewa yatsa ba ya karanta abin da waɗancan lambobi da haruffa suke faɗa.

Bari in fara da 10W-40. Wannan ma'aunin kauri ne, wato yadda mai yake gudana, kuma ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta tsara shi. Lambobi biyu ne domin a yanayi biyu ake gwada man. Ta farko, mai harafin W a gefenta, tana nuna halin man a cikin matsanancin sanyi. Mutane da yawa suna ɗauka W ɗin nauyi take nufi, alhali harafin farko ne na kalmar Turanci ta hunturu. Man da aka rubuta wa 10W an gwada shi a sanyin digiri 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, an ga inji zai iya juyawa da shi. Mai 5W an gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifiri, mai 20W kuma a 15 ƙasa da sifiri. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a zafin digiri 100, kusa da zafin da yake aiki a cikinsa idan inji ya ɗau wuta. Mai 40 ya fi mai 30 kauri a wannan zafin, mai 50 ya fi mai 40.

Duk baƙin mai yana tsinkewa idan ya ji zafi, kamar man shanu a rana. Dabarar mai lamba biyu ita ce an zuba masa wasu sinadarai da suke rage masa saurin tsinkewar, don ya gudana da wuri da safe, ya kuma riƙe jikinsa da rana tsaka.

To mu a Legas, ko da hazo ya sauko a watan Janairu, ba mu san sanyin da ya kusanci sifiri ba. Saboda haka lambar farko ba ita ce abin damuwarmu ba. Wanda ya tsaya yana musu tsakanin 5W-40 da 10W-40 a bakin ruwan Five Cowrie yana ɓata lokaci ne a kan ƙaramin abu, don idan inji ya yi zafi kaurinsu aji ɗaya ne. Lamba ta biyu ce ta shafe mu, kuma a nan ne maganar "ya fi kauri, ya fi kyau" take yin ɓarna. Wanda ya ƙera inji ya bar wa mai hanyoyi 'yan sirara, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sannan ya zaɓi kaurin da zai ratsa su da sauri. In ka zuba wanda ya fi haka kauri, yana jinkirin isa inda ake jiransa, kuma ba ya kwashe zafi yadda ya kamata. Zafin garinmu ma ba hujja ba ce sosai, domin ba iska ce take sanyaya wannan injin ba, ruwa ne. Akwai injinan da kamfaninsu da kansa ya yarda a zuba musu mai lamba 50, wannan daban. Wanda littafinsa ya ce 40, a ba shi 40.

Sunan jet-siki ma, a gurguje, na kamfanin Kawasaki ne, mu ne muka yi masa irin abin da muka yi wa Omo, kowane garin sabulu ya zama Omo. Na Yamaha sunansa WaveRunner, na kamfanin BRP na Kanada kuma Sea-Doo. Sanin wanne ne a gabanka yana da amfani, don ba bakinsu ɗaya ba wajen mai. Yamaha tana sayar da nata, Yamalube 4W, a 10W-40, Sea-Doo kuma tana da XPS a 5W-40.

Yanzu ga ƙananan haruffan da mai shago bai ko kalla ba, waɗanda a wajena su ne zuciyar maganar. FC-W hatimi ne na ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA. FC na nufin inji mai bugu huɗu, irin wanda baƙin mansa yake zaune a mazauninsa daban da fetur, kamar na mota ko na babur ɗin haya da ake rubuta wa mansa 4T. W ɗin nan kuma ruwa take nufi, ba hunturu ba. Harafi ɗaya ne a jikin galan ɗaya, ma'ana biyu, kuma na ga ƙwararrun makanikai sun rikice a kansa.

Me ya sa injin ruwa yake buƙatar hatiminsa na daban? Ka duba rayuwarsa. Mota a kan gadar Third Mainland, in hanya ta buɗe, injinta yana juyi dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya, giya tana rage masa wahala. Babur ɗin ruwa ba shi da giyar canjawa. Injin ne kai tsaye yake juya farfelar da ke zuƙo ruwa ta fesar da shi ta baya, kuma in an murɗe shi yana kai juyi dubu bakwai zuwa takwas a minti, ya daɗe a haka, ruwa yana tokare da shi. Irin wannan gudu yana yanka sinadaran da suke riƙe wa mai kaurinsa, yana kuma sa shi kumfa, ga tsalle a kan igiyar ruwa yana ƙara kaɗa shi. Mai kumfa kuwa iska ce rabinsa, ba ya raba ƙarfe da ƙarfe.

Sai babbar matsalar, wato zama. Mai babur ɗin zai hau shi ranar Asabar zuwa wurin shaƙatawa na bakin teku, Tarkwa Bay ko Ilashe, ya dawo, a lulluɓe shi, wataƙila sai bayan mako uku a sake taɓa shi, da damina ma ya fi haka. Duk tsawon wannan lokacin yana shaƙar iskar teku mai laima da gishiri, man da ke jikin ƙarafan ciki yana zurarewa ƙasa, tsatsa tana samun wuri. Ruwan lagun ɗinmu ma ba ruwan daɗi ba ne, gaurayen na kogi da na teku ne, gishirinsa yana ƙaruwa da rani. Man da ya samu hatimin FC-W sai da ya ci jarrabawar tsatsa a cikin hazon gishiri, da ta kumfa, da ta riƙe kauri bayan ya sha wahala. Man mota, komai tsadarsa da kyan sunansa, ba a tilasta masa waccan jarrabawar gishirin ba, don ba a yi shi domin wannan zaman ba. Injinan da na buɗe na ga tsatsa a cikinsu, da yawansu ba su yi aikin kirki ba ma, ajiya ce ta cinye su.

Akwai ɗan'uwan wannan hatimi, TC-W3, kuma haɗa su babban kuskure ne. Shi na inji mai bugu biyu ne, wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur, kamar ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa mai a tanki. Yawancin tsofaffin babura na ruwa haka suke, kafin masu bugu huɗu su shigo kasuwa a 2002, haka ma injinan bayan kwale-kwale da yawa da ke jigila a ruwan Legas. An yi TC-W3 don ya ƙone ƙurmus ba tare da ya bar toka a kan filogi da fistin ba. Inda ake haɗawa da hannu a kan 50 da 1, wato kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, jarkar fetur mai lita 25 rabin lita take ci. In ka zuba TC-W3 a mazaunin man inji mai bugu huɗu, ba zai iya aikin ba. In ka zuba man inji mai bugu huɗu a inji mai bugu biyu, hayaƙi da dauɗa za su toshe shi. A nan ma akwai togaciya: tsofaffin Sea-Doo masu bugu biyu ba TC-W3 kamfaninsu ya ce a ba su ba, mai alamar API TC ya nema. Shi ya sa nake tambayar sunan babur da shekararsa kafin in ce a sayo komai.

Wasu injinan Sea-Doo masu na'urar cusa ƙarin iska kuma suna da kuloci a jikin na'urar, wanda yake wanka a cikin baƙin man injin. Man mota na zamani mai sinadarin ƙara santsi yana sa wannan kulocin zamewa. Shi ya sa littafinsu yake neman alamar JASO MA2 in ba a samu man kamfanin ba, alamar da masu babura suka sani.

Duk wannan bayani ba shi da amfani in abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Jabun baƙin mai yana nan a kasuwanninmu. A duba hatimin murfi, a sayi mai a wajen dillalin kayan jiragen ruwa, a guji na awo a kwalba.

Washegari da na raka yaron muka sayo, na tsaya muka yi juyen tare. Abu na farko da ya ba shi mamaki shi ne babu noti a ƙasa da za a kwance mai ya zubo. Da famfo ake zuƙo shi ta bututun geji, bayan an ɗan ɗumama injin. Na nuna masa agogon da ke ƙirga awannin aiki, don da awa ake lissafin juye a nan, ba da kilomita ba, kuma ko awannin da littafi ya faɗa ba su cika ba, in shekara ta zagayo a juye, a canja matatar man. Muka daidaita babur ɗin a kan tirelarsa kafin mu duba geji, muka tsaya tsakanin alamu biyu, don cika shi fiye da kima ɓarna ce mai zaman kanta.

Sai na ɗiga tsohon man a farar takarda na ce ya duba. Baƙi ne, kuma hakan ba laifi. Na ce masa ranar da ya ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, kada ya tayar da injin, ya kira ni ko da dare ne. Na tambaye shi yadda yake ɗauraye cikin injin da tiyo bayan an dawo daga teku.

"Ina buɗe famfo ne, Kawu, sannan in tayar."

Nan na zaunar da shi. In ruwa ya riga inji tashi, yana iya bi ta salansa ya koma cikin silinda, daga nan ya gangara cikin man da muka sha wahalar nemowa. Inji ake fara tayarwa, sannan a buɗe ruwa. In an gama a fara rufe ruwa, sannan a kashe inji. Na sa ya yi a gabana sau biyu, sannan ya ɗauko takardar maigidan ya rubuta a bayanta, ya ƙara da awannin da agogo ya nuna a ranar.