Gwajin Cusa Tangarɗa a API

Gwajin cusa tangarɗa hanya ce da masu rubuta manhaja ke bi su sa API ya gaza da gangan, sau da yawa ba tare da an san wace buƙata abin zai faɗa wa ba, domin a ga yadda manhajar da ta dogara da shi za ta yi. API shi ne ƙofar da manhaja ke bi ta aika buƙata zuwa wata sabar (kwamfutar da ke amsa buƙatun manhajoji) a intanet, ta kuma karɓo amsa.

Tarihi

Galibi ana mayar da asalin dabarar ga shekarun 1970 ko wajejen nan, lokacin da injiniyoyi ke jawo matsala a kayan lantarkin kwamfuta don auna juriyarsu. A farkon shekarun 2000 Jesse Robbins, wanda ya samu horon kashe gobara, ya ɓullo da atisayen GameDay a kamfanin Amazon, inda ake karya wani sashe na tsarin da gangan a ga yadda ma'aikata da na'urori za su tunkari lamarin.

Sai dai kamfanin fina-finai na Netflix ne ya sa abin ya yi suna. A watan Agusta na 2008 rumbun bayanan kamfanin ya lalace, har ya kwana uku bai iya aika wa abokan cinikinsa faifan DVD ba, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa ya fara ƙaura zuwa sabobin haya na Amazon Web Services. A can sabar kan iya mutuwa ba sallama, don haka a wajejen 2010 injiniyoyinsa suka ƙirƙiri Chaos Monkey, manhajar da ke zaɓar sabar kara-zube ta kashe ta, a lokutan aiki kawai, sa'ad da injiniyoyi ke ofis. A 2011 kamfanin ya bayyana 'yan uwanta, cikinsu har da Latency Monkey mai jinkirta amsa tsakanin manhajoji, wadda ita ce ta fi kusa da gwajin API na yau. An saki Chaos Monkey kyauta ga kowa a 2012.

Yadda ake yi

Akan girka wata manhaja a tsakiya ta tare buƙatu, ta bar mafi yawa su wuce, ta ɓata wani kaso, misali biyar cikin ɗari. Tana iya mayar da lambar 500 ko 503 mai nuna sabar ta gaza, ko 429 mai nuna buƙatu sun yi yawa, ko ta yi shiru har wa'adin jira ya ƙare. Shirun nan ya fi tona asiri: idan manhajar shago ta aika umarnin biyan kuɗi ba ta ji amsa ba, ta sake aikawa, mai saye na iya biya sau biyu, muddin ba a ɗaura wa umarnin lambar shaida da za ta hana maimaici ba. Ana kuma duba ko manhajar na ƙara tazara tsakanin kowane sake gwadawa maimakon ta yi wa sabar da ke fama rubdugu.

Manhajar Istio da kuma Toxiproxy ta kamfanin Shopify na cikin kayan aikin da ake amfani da su wajen wannan gwaji.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan ko a yi gwajin a kan tsarin da jama'a ke amfani da shi ko a keɓantaccen wuri. Wasu kuma na sukar zaɓin kara-zube, domin yana wahalar da maimaita kuskuren da aka gano.