Dokar kamun halibut a Alaska da gaɓar Fasifik: amsar tambayoyin da kuke ta turo min

Salamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyin nan ba su da yawa amma kullum su ake maimaita min, musamman mutanenmu mazauna Amurka da Kanada masu shirin zuwa Alaska hutu idan zafi ya shigo, to gasu nan na tara su wuri ɗaya. Dan Allah a karanta kafin a sake turo saƙo.

Wai menene halibut ɗin ma?

Kifin teku ne mai faɗi, a ƙasan ruwa yake kwanciya, bayansa ƙasa-ƙasa cikinsa fari fat, idanunsa biyu duk a ɓarin dama. Na tekun Fasifik muke magana, daga arewacin Kalifoniya har tekun Bering. Mafi girma da aka rubuta mai kamun nishaɗi ya kama da ƙugiya kilo 208 ne, a Unalaska ta Alaska a 1996.

Halal ne?

Kifi ne malam. Ci abinka.

Guda nawa aka yarda mutum ya kama a rana?

Duk wanda ya baka lamba ɗaya bai tambaye ka ina zaka ba kuma a jirgin wa, to bai taimake ka ba. A Alaska in kai kaɗai ne ko da abokinka mai jirgi, ba wanda aka biya ya nuna muku, biyu ne a rana ko wane girma, daga 1 ga Fabrairu zuwa 31 ga Disamba, Janairu a rufe take. In kuma jirgin shata ka shiga, wato ka biya kyaftin ya kai ka, doka ta canza gaba ɗaya. A yankin 2C, su Sitka da Juneau da Ketchikan, ɗaya ne tak. A yankin 3A, su Homer da Seward da Kodiak, biyu ne amma na biyun dole ya zama ƙarami, a 2023 da 2024 kada ya wuce inci 28, wanda bai fi kilo 4 da ɗan wani abu ba. A jihar Washinton ɗaya ne a rana kuma akwai iyaka ta shekara da zaka riƙa rubutawa a kati.

Wa ke yanke wannan hukuncin?

Hukumar IPHC mai kula da halibut ɗin Fasifik, ta haɗin gwiwar Amurka da Kanada ce tun yarjejeniyar 1923, ofishinta na Seattle. Duk shekara lokacin zafi suna aika jirage su shimfiɗa dogayen igiyoyi masu ƙugiyoyi a wurare da aka ƙayyade, su ƙirga abinda ya fito su auna su duba shekarunsa, su haɗa da rahoton masunta 'yan kasuwa, sai a zauna a ƙarshen Janairu a ce bana nauyi kaza za a cire daga ruwa a kowane yanki. Daga nan sai rabo. A Alaska tun 2014 akwai tsarin raba kaso tsakanin 'yan kasuwa da jiragen shata, kason 'yan shata bai kai ɗaya cikin biyar ba. A Kanada masu kamun nishaɗi kashi 15 cikin 100 suke samu. A yankin 2A wato Washinton da Oregon da Kalifoniya, ƙabilun asali masu yarjejeniya da gwamnati suna ɗaukar kashi 35 cikin 100 kafin a raba saura, kuma haƙƙinsu ne da kotu ta tabbatar, kada inji wani yana cewa an fifita su. Kyaftin ɗinka ba shi da hannu a ko ɗaya daga cikin wannan, a daina yi wa bawan Allah faɗa a tsakiyar teku.

Me yasa suke canza doka duk shekara, ba za su tsaya a magana ɗaya ba?

Saboda kason da nauyi ake bada shi ba da ƙirgen kifi ba, wannan ne abinda mutane suka kasa ganewa. In an ce 'yan shatan wani yanki kilo kaza za su cire, hukuma bata san mutum nawa za su zo ba sai dai ta kintata daga bara, to abu biyu ne a hannunta, ko ta rage girman kifin da ake riƙewa don matsakaicin nauyi ya sauka, ko ta rufe wasu ranaku don masu fita su ragu. In bara an wuce kaso bana a matse, in an bar saura a ɗan sassauta. Ga kuma babbar matsalar, halibut na yanzu baya girma kamar na shekarun 1980, kifi mai shekara iri ɗaya ya fi na da ƙanƙanta sosai, kuma an jima ba a samu shekarar da ƙanana suka shigo da yawa ba. Ko a Argungu ai ba kullum ake faɗawa Matan Fada ba, ana kulle ruwan sai ranar su ta zo, shi yasa ake fito da manya.

Ina so in biya kafin alƙalami tun yanzu don zuwa a Yuli ko Agusta, in aka canza doka ko aka rufe ranar da na zaɓa fa?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta dace a zauna a kanta, kuma amsar ta danganta da inda zaka. Matsalar ita ce jiragen kirki kujerunsu na cika tun lokacin sanyi, kuɗin jirgin sama da masauki ma sai hawa suke in ka jira, amma dokar shekarar bata fita a hukumance sai wajen Maris. Kaga kenan kana biya kafin ka san dokar da zata hau kanka.

In Alaska ne hankalinka ya ɗan kwanta, don a al'ada abinda aka sanar a farkon shekara shi ake bi har ƙarshenta, ba a cika tashi tsakar lokacin kamu a ce an rufe ba. An taɓa canzawa a tsakiya a watan Yunin 2020 lokacin korona da baƙi suka daina zuwa, kuma sassautawa aka yi ba matsewa ba. Sannan ba sai ka jira Maris ba ma kafin ka hango inda aka dosa, majalisar kamun kifi ta arewacin Fasifik tana zama a Disamba ta bada shawarar matakan 'yan shata, IPHC ta duba a Janairu, galibi abinda ya fito daga nan shi hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka ke bugawa. To in zaka iya haƙuri zuwa farkon Fabrairu kusan ka san komai. In ba zaka iya ba, ni dai shawarata a Homer ko Seward ka guji Laraba, shekara da shekaru har 2024 ana rufe ta ga jiragen shata, ka kuma yi taka tsantsan da Talata don a 2023 an rufe Talatu da dama a tsakiyar lokacin zafi, wata shekarar a buɗe su wata a sake rufewa. Alhamis zuwa Litinin sun fi aminci amma ban ce alƙawari ba ne. A kudu maso gabashin Alaska kuwa, wato yankin 2C, ranar ma yawo take, a 2023 Litinin aka rufe daga ƙarshen Yuli, a 2024 aka koma Juma'a, kuma a 2024 ɗin girman da aka yarda ya ragu daga inci 40 zuwa 36 daga tsakiyar Yuli, wato wanda ya zo farkon wata da wanda ya zo ƙarshensa ba doka ɗaya suka tarar ba. Don haka a can zuwa da wuri yakan fi, duk da cewa yanayin teku ma yana da nasa hukuncin, iska ta tashi ba mai fita ko doka ta buɗe.

In kuma Washinton ne ko Oregon ko Kalifoniya, nan fa sai addu'a da sa ido, don su a tsakiyar lokacin kamu suke gyara. Ana ƙirga abinda ake saukewa a tashoshi irin su Neah Bay da La Push da Westport da Newport mako-mako, kaso ya ƙare a rufe ko da kalanda ta nuna akwai sauran ranaku, in kuma iska ta hana mutane fita a Mayu kaso ya yi saura sai kaji an ƙara ranaku a Agusta da Satumba. Kalifoniya a takarda a 2023 daga 1 ga Mayu ne zuwa tsakiyar Nuwamba amma kasonta ɗan kaɗan ne, an sha rufewa tun Agusta bata yi nisa ba. To a nan ka kama ranakun farkon buɗewa, kada ka dogara da na ƙarshe, kuma kada ka sayi tikitin da ba a canza masa rana.

Ko ina ne dai, kafin ka tura ko sisi ka tambayi mai jirgin abu uku a rubuce ba a waya ba: in hukuma ta rufe ranar zai matsar da kai wata rana ko zai dawo da kuɗi, in iska ce ta hana fita ya ake ciki, kuma in halibut a rufe yake zai kai ku kamun salmon ko kifin dutse kuma a nawa. Mafi yawansu mutanen kirki ne za su gaya maka gaskiya don su ma ba su son rigima. Ka kuma bar kwana ɗaya ko biyu fanko a tafiyarka, kada ka sa kamun kifin a ranar ƙarshe. A Alaska akwai wata ƙofa kuma, wasu masu jirage suna hayar kaso daga 'yan kasuwa, ana ce masa GAF, da shi zaka iya riƙe kifin da dokar shata ta hana amma da ƙarin kuɗi mai ɗan nauyi kuma ba kowa ke da shi ba, ka tambaya tun kana gida.

Abokina yana da jirgi, in na saka masa kuɗin mai na zama ɗan shata?

A'a. Haɗa kuɗin mai da abinci da abincin ƙugiya na ranar ba laifi. In ka biya shi ladan kai ka da nuna maka, ya zama shata kuma sai yana da izini. Kada ku yi wayo a nan.

Sai da lasisi?

Eh. A intanet ake saye, akwai na kwana ɗaya. Baƙon da bai kai shekara 16 ba a Alaska baya buƙata.

Na kama ƙato an ce in sake shi, wannan ba zalunci ba ne?

Na san zafin. Ka yi rabin awa kana jan abu daga ƙasan teku da dalma mai nauyi a igiya, hannu ya mutu baya ya riƙe, sai kaga wani farin abu kamar an shimfiɗa zani yana tasowa a ƙarƙashin jirgi, yaron jirgi ya leƙa ya gwada tsawonsa a jikin jirgin ya ce inci 55 ne, ya sa ƙarfe ya murɗe ƙugiyar daga gefen bakinsa, kifin ya kaɗa jela sau ɗaya ya nutse. A 2C haka dokar take, a 2023 sai dai inci 40 zuwa ƙasa, wajen kilo 13 kenan, ko inci 80 zuwa sama wanda ya haura kilo 100, na tsakiya duk a mayar. Amma ka sani kusan duk manyan nan mata ne, namiji ba ya cika yin wannan girman, macen kuma sai ta kai wajen shekara 12 kafin ta fara ƙwai, mai kilo 23 tana zuba kamar rabin miliyan, babbar kuwa miliyoyi. Kuma halibut ba shi da jakar iskar nan da ke kumbura wa wasu kifaye in an jawo su daga zurfi, in an sake shi da kyau mafi yawa suna rayuwa. Naman ƙananan ma ya fi laushi, wallahi ba asara ka yi ba.

Matata bata kama ba, zan iya kama mata nata?

A'a. Kowa da nasa, wanda ya kama shi ke da kifin kuma a sunansa ake rubutawa a littafin jirgi. Hajiya ta riƙe sandarta da kanta.

Zan iya yanyanka shi a cikin jirgi in zuba a kula?

Haba dan Allah, sau nawa zan faɗa. A Alaska ba a wuce yanka huɗu, biyu na baya biyu na ciki, da kumatu biyu, kowanne da fata a jiki, don jami'i ya iya ƙirga kifi nawa ne. In kifin na ƙarƙashin dokar girma ne a jirgin shata ƙashin ma ba a jefarwa sai an sauka a tasha. Ka daddatsa shi ƙanana kamar na miya ka jawo wa kanka da kyaftin tara, shi kuma izininsa ne abincin iyalinsa.

To mu ake matsa wa, manyan jiragen taru fa?

Wannan ƙorafin gaskiya ne kuma ina tare da ku. Jiragen da ke jan taru a ƙasan tekun Bering suna neman wasu kifaye amma halibut na faɗawa ciki, yawanci ƙanana, doka ta hana su sayarwa sai a mayar da shi ruwa da yawa a mace. Shekaru ana rage wa masu ƙugiya kaso su kuma iyakarsu bata bin yawan kifin, sai daga 2024 aka ɗaura iyakar wani rukuninsu da yawan kifin da ke ruwa. Ni a ganina an makara kuma bai isa ba. Majalisar kamun kifi ta arewacin Fasifik na karɓar ra'ayin jama'a a rubuce kafin kowane zama, mai jin haushi ya rubuta can. Amma laifinsu bai halatta maka ka ɓoye na uku a ƙarƙashin kujera ba.

Zan iya sayar da wanda ya yi min yawa?

A'a, haramun ne a doka. Kyauta zaka iya.

Ya zan kai shi gida?

A bakin tasha akwai masu gyarawa, su yanka su ɗaure a leda su zuƙe iskar su daskarar, washegari ka karɓa a kwali mai kilo 23 ka auna shi a matsayin jaka a filin jirgi. Ka tanadi wuri a firiza kafin ka taso.