Yogar lilo: tambayoyin da ba a gajiya da maimaitawa

Tambayoyin ba sa canzawa, mutanen ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin wuri guda, a karanta kafin a sake tambaya.

Mece ce yogar lilo?

Motsa jiki ne a cikin wani faffaɗan ƙyallen nailan da aka rataya daga sama, yana riƙe mutum kamar yadda zane ke riƙe goyo. Faɗinsa ya kusa mita 3, tsawonsa mita 4 zuwa 6. A New York ta Amurka ta yi ƙarfi: Michelle Dortignac ta fito da salon Unnata a 2006, Christopher Harrison kuma, wanda asalinsa ɗan rawa ne da wasan alkafura, ya yaɗa nasa salon mai suna AntiGravity. Tun kafin su, malamin yoga B.K.S. Iyengar na sa ɗalibansa rataya da igiyoyin bango a Pune ta Indiya.

Ina da ƙiba, ƙyallen ba zai yage ba?

Ba zai yage ba. Ɗaruruwan kilo yake ɗauka. Ƙugiyar da ke sama ce abin tambaya, za mu zo kanta.

Sai jikina ya yi laushi tukuna?

A'a. Laushin ake zuwa nema.

Me zan saka?

Riga mai hannu wadda ta rufe hammata, da wando mai kama jiki da ya wuce gwiwa, domin nan ne ƙyallen ke gurzar fata. A cire zobe, awarwaro, agogo, sarƙa da duk abin da ke da zif. Huji ɗaya ƙarami ya isa ya ja zare har ƙyallen ya tashi aiki. Kada a shafa basilin ko wani mai a hannu da ƙafa, santsi ne. Mai hijabi ta sa ƙarami mai kama kai, marar fil. Dogon hijabi da mayafi suna naɗewa a wuya idan kai ya koma ƙasa, wannan ba abin musu ba ne.

Ya halatta a addini?

Wannan ta malamai ce. Abin da ke cikin darasi dai miƙe jiki ne da riƙo da numfashi. Wasu masu koyarwa kan haɗa da rera wasu kalmomi a farko ko ƙarshe, don haka a tambaya kafin a biya kuɗi.

Wa bai kamata ya juya kai ƙasa ba?

Mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai hawan jinin ido wato gilakoma, mai ƙaba, mai ciwon kunne da ke kawo hajijiya, mai raunin ƙashi, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai juna biyu. Dalilin a fili yake: kai na komawa ƙasa, matsin jini a ido da kwanya sai ya hau. Kuma don Allah a daina ɓoye wa mai koyarwa ciwo saboda kunya. A ga likita tukuna; in ya yarda, akwai motsi da yawa da ake yi ƙafa na ƙasa.

Na ji jiri da tashin zuciya a ranar farko, ko ba ta karɓe ni ba?

Kwantar da hankalinki, da yawa haka suke farawa. Ruwan cikin kunne ne bai saba da lilo ba. A bar awa 2 tsakanin abinci da darasi, kada a wuce daƙiƙa 30 kai a ƙasa a karon farko, in za a ɗago a ɗago sannu, a jingina goshi a ƙyallen a ja numfashi kamar sau biyar kafin a miƙe. Shayin citta na taimaka wa wasu. Ciwon bayan da ake kuka da shi kuwa yawanci daga gurbin ƙyallen ne: a kan ƙashin kwankwaso yake zama, ba a tsakiyar ƙugu ba, ƙafafu a buɗe sannan a naɗe su ta gaba su kulle.

Na sayo nawa, zan iya rataya shi a ɗakina?

To, a nan sai an zauna. Amsar ita ce wataƙila, kuma a gidaje da yawa a'a ce. Fara da lissafi. Mai kilo 70 idan ya yi lilo ko ya faɗa cikin ƙyallen da ƙarfi, nauyin da ke jan ƙugiya na iya ninkawa biyu ko uku. Shi ya sa masu harkar rataye mutane ke neman wurin da zai jure ninki goma na nauyin, wato kilo 700 ga mai kilo 70. Silin POP ba ya ciki, ado ne. Katakon rufin kwano ma haka, ba a san abin da gara ta bari a cikinsa ba. Ƙugiyar fanka kuwa, wadda kowa ke fara kallo, an sa ta ne don fanka. Wani lokaci guntun rodi ne aka lanƙwasa, babu wanda ya san zurfin da ya shiga. Reshen darbejiya ma kar a fara.

Saura dekin kankare. Shi ma ya danganta: kaurinsa nawa, cikakken zubi ne ko mai ramuka a ciki, simintin ya ƙoshi ko an yi masa rowa, ina rodi da bututun waya suka bi. Ba a gane waɗannan da ido, injiniyan gini ne zai faɗa, ba mai walda ko mai gyaran wuta ba. Idan ya amince, a sa faranti biyu na ƙarfe, tazarar santimita 60 zuwa 80 tsakaninsu, kowanne da kusoshin kankare masu buɗewa a ciki. Tsayin ɗaki ya kai mita 2.7 ko fiye, a bar fili kamar mita ɗaya da rabi gaba da baya, a shimfiɗa katifa mai kauri. Karabina, wato ƙugiyar masu hawan dutse, ta zama mai kulle kuma an buga mata lamba a jiki, kN 22 ko sama. kN ɗaya kusan kilo 100 ne. Amma lambar ta tsaye ce, idan ƙugiyar ta juya ta kwanta a gicciye ƙarfinta kan sauko zuwa wajen 7. Irin wadda ake rataya makulli da ita ba ta cikin zance. Ɗan haya ya fi masa sauƙi ya nemi firam mai ƙafafu da kamfani ya rubuta nauyin da yake ɗauka, ko da yake shi ma ba a yin babban lilo a kansa, yana iya ɗaga ƙafa. Ko komai ya cika, wanda bai yi darasi kamar goma gaban mai koyarwa ba kada ya juya kai ƙasa shi kaɗai a ɗaki a kulle.

Tana rage ƙiba?

Kaɗan. Wani bincike da ƙungiyar harkar motsa jiki ta Amurka mai suna ACE ta ɗauki nauyi a 2016 ya samu kimanin kalori 320 a darasin minti 50, kusan daidai da tafiya da sauri. Abin da za a fara gani shi ne ƙarfin riƙo da na ciki.

Yaya ake wanke shi?

Ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a kwance ƙullin da ƙugiyoyin tukuna. A shanya a inuwa, rana na cin nailan. Kafin a mayar, a ɗaga shi a haske a duba huji.