Shin Amurka ta haramta makaman da ke kisa da kansu?

Mutane da yawa na zaton Amurka ta hana sojojinta amfani da mutum-mutumin da zai zaɓi wanda zai kashe da kansa. Ba haka ba ne. Abin da ke akwai shi ne umarni mai lamba 3000.09, wanda Ma'aikatar Tsaron ƙasar ta fitar a 2012, ta sabunta shi a Janairun 2023.

Makamin da ake nufi shi ne wanda da zarar an kunna shi, zai nemo abin hari ya buɗe wuta ba tare da soja ya ƙara sa hannu ba. Umarnin bai hana ƙera shi ba, sharuɗɗa ya gindaya. Sai manyan jami'an Pentagon, wato hedikwatar Ma'aikatar Tsaron, sun amince kafin a fara ƙera shi, su sake amincewa kafin a miƙa wa dakaru. Sai an gwada shi. Idan kuma ya kasa kammala aikinsa cikin lokaci da yankin da aka iyakance masa, dole ya dakata ko ya nemi umarnin mai kula da shi. Amma in buƙatar yaƙi ta matsa, mataimakin sakataren tsaro na iya ɗage wannan tantancewar.

Inda gizo ke saƙar shi ne jimla guda: a tsara makamin ta yadda kwamandoji za su yi amfani da hankalin ɗan'adam "gwargwadon da ya dace" wajen kai hari. Wa ke auna abin da ya dace? Ma'aikatar da kanta. Ba a ce sai mutum ya danna kunamar kowane harbi ba. Wannan ne ke damuna, domin dokar yaƙi ta Janiba ta wajabta bambance mayaƙi da farar hula. Soja mai ido da tausayi ma yakan kuskure tsakanin makiyayi mai sanda a kafaɗa da ɗan bindiga, balle na'urar da ba ta san nauyin rai ba. In ta kashe makiyayin, wa za a gurfanar?

Umarnin dai na cikin gida ne, bai hau kan kowace ƙasa ba. A Disambar 2023 ƙasashe 152 suka amince da ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kan waɗannan makamai, huɗu suka ƙi: Rasha, Indiya, Belarus da Mali. A 2023 ɗin ne kuma Sakatare Janar na Majalisar, Antonio Guterres, da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka nemi a kammala yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe zuwa shekarar 2026.