Waiwaye: Yadda Mauritius ta tuge layin dogonta, sannan ta dawo tana shimfiɗa shi

Rake ne ya kawo jirgin ƙasa tsibirin Mauritius, a tekun Indiya gabas da Madagaska. A ƙarni na 19, lokacin mulkin Birtaniya, gonakin rake sun mamaye tsibirin, amma kai buhunan sukari tashar jiragen ruwa ta Port Louis, babban birnin tsibirin, sai da amalanke. A 1864 aka buɗe layin arewa, wanda ya bi ta Pamplemousses da Flacq. Shekara ta zagayo aka buɗe na tsakiya, mai tsawon kilomita 56, daga Port Louis ya haura tudu ta Beau Bassin, Rose Hill, Quatre Bornes, Vacoas da Curepipe, ya gangara Mahébourg a kudu maso gabas.

Ba a daɗe ba annoba ta sauka. Daga 1866 zuwa 1868 zazzaɓin cizon sauro ya kashe dubban mutane, Port Louis kuwa, da zafinta da fadamunta, ita ta fi jin jiki. Duk mai hali ya kwashe iyalinsa ya haura tudu inda ake da sanyi. Jirgin ne ya sa hakan ya yiwu: mutum ya kwana a Curepipe, da sassafe ya gangara ofis ko shago a babban birni, da yamma ya koma. Ƙauyukan da ke bakin tashoshi suka zama garuruwa, suka yi ta faɗaɗa har suka haɗe da juna. Yau wannan jerin garuruwa ne ya fi ko'ina cunkoson jama'a a tsibirin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bas da manyan motoci suka ƙwace fasinja da kaya, jirgin ya shiga asara. A 1956 aka daina ɗaukar fasinja, a 1964 aka rufe layin baki ɗaya, shekara huɗu kafin samun 'yanci. Aka tuge ƙarafa, aka karkata ga kwalta, musamman babbar hanyar M1 da ta haɗa Port Louis da filin jirgin sama na Sir Seewoosagur Ramgoolam da ke Plaisance.

A ganina an yi gaggawa. An kashe jirgin, amma garuruwan da ya haifa suna nan, mutanensu kuma kullum sai sun gangara Port Louis neman abinci. Ƙasa mai mutum kimanin miliyan 1.3 ta wayi gari da ababen hawa fiye da 600,000, mashigar babban birnin ta zama wurin da ma'aikata ke ƙona man fetur suna tsaye.

Da taimakon kuɗi daga Indiya aka fara aikin sabon layin jirgin ƙasa na fasinja, Metro Express, a 2017. Kamfanin Larsen & Toubro ya yi ginin, taragai kuma daga kamfanin CAF na Sifaniya. A Oktoba 2019 Firaministan Mauritius na lokacin, Pravind Jugnauth, da takwaransa na Indiya, Narendra Modi, suka ƙaddamar da zangon farko, Port Louis zuwa Rose Hill. A 2022 ya isa Curepipe, kilomita 26, a 2023 aka ƙara reshen Réduit, inda jami'a take.

Akasarin sabon layin tsohon sawun ya bi, sai dai sawun bai zauna a wofi ba. An rushe gidaje a La Butte da Barkly, masu su na kallo. Promenade Roland Armand, wurin shan iska mai inuwa da aka yi a kan tsohon layin tsakanin Beau Bassin da Rose Hill, an sare itatuwansa duk da zanga-zangar mazauna. Da yake jirgin yana ratsa tituna a wurare da dama, an yi ta samun karo da motoci da babura, har da asarar rayuka.

Layin arewa bai dawo ba. Mahébourg, wadda jirgi ya fara zuwa a 1865, har yanzu sai ta mota, haka shi ma filin jirgin saman da ke kusa da ita.