Me ake nufi da "reissue" a tallan jitar bas?

Wanda ya shiga intanet neman jitar bas ta lantarki ba zai jima ba sai ya ci karo da talla irin wannan: Fender '62 Jazz Bass, fenti na ɗaukar ido, farashi kuma bai taka kara ya karya ba. Sai mutum ya zaci ya tsinci dami a kala. To a yi hattara. Muddin kalmar "reissue" na jikin tallan, wannan 62 ɗin ba shekarar da aka ƙera jitar ba ce, shekarar da aka kwaikwayi ƙirarta ce. Jitar kanta tana iya zama ta bara.

Abin da kalmar ke nufi shi ne maimaicin ƙira: kamfanin da ya mallaki samfurin ya koma ga yadda yake yin sa a wata shekara, ya sake ƙera shi sabo fil, da sunansa da tambarinsa. Ba jabu ba ce, domin mai abu ne ya yi abinsa. Ba kuma ita ce ake kira "vintage" ba, wato tsohuwa 'yar asali da aka ƙera a wancan zamanin. Ita kuma tsohuwa 'yar asali daban take da gwanjo. Jitar da aka yi shekara biyar ana kaɗawa gwanjo ce kawai.

Dalilin da ya sa ake maimaita ƙira yana cikin tarihin kamfanin Fender. Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, sannan Jazz Bass ta biyo baya a 1960. A farkon 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a hankali: aka koma fenti mai kauri, jitoci da yawa suka ƙara nauyi, a tsakiyar shekarun 1970 kuma aka mayar da wuyan Jazz Bass kan sukurori uku maimakon huɗu. Makaɗa suka juya baya, suka shiga farautar waɗanda aka yi kafin CBS. Kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco suka ga kasuwa, suka riƙa kwaikwayon tsofaffin da kyau. A 1982 Fender ya farga, ya fito da nasa maimaicin: Precision ta '57, Precision ta '62 da Jazz ta '62. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Fender Japan, masana'antar FujiGen na ƙera masa, lambobin farko suna farawa da JV. Waɗannan na 1982 yanzu sun haura shekara arba'in, su ma an fara sayar da su a matsayin tsofaffi masu daraja.

Shekarar da ke jikin sunan tana gaya wa mai saye abin da hannunsa zai taɓa. Precision ta 1951 jikinta shafaffen katako ne ba sassaƙa, da fikof guda mai naɗin waya ɗaya. Fikof shi ne maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mayar da ita lantarki. A 1957 aka raba shi gida biyu, kowane rabi yana ɗaukar tsirkiya biyu, aka naɗe su a juye domin su kashe ƙugin lantarki. Wannan ce muryar da kunne ya saba ji idan an ce Precision. A 1959 aka fara manna allon yatsu na katakon rosewud a kan wuyan. Faɗin wuyan tsohuwar Precision a can sama inci 1.75 ne, na Jazz kuwa inci 1.5. A takarda bambancin kamar ba komai, amma mai gajerun yatsu zai ji shi a tsintsiyar hannu kafin ya gama waƙa uku.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, maimaici na gaskiya har lahanin tsohuwar yake kwasowa. Babban misali sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa don miƙar da shi. A jitocin zamani kan notinta yana inda hannu zai kai cikin sauƙi. A tsohuwar ƙira yana gindin wuya, inda ya haɗu da jiki, rabinsa a ɓoye. Hanyar gyara ita ce a sassauta tsirkiyoyi, a kwance sukurori huɗun da ke bayan jiki har wuyan ya ɗago kaɗan, a juya notin da babban sukundireba mai faɗin baki, kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, a mayar da wuyan a ɗaure, a saita murya, sannan a auna. Awon kuwa: a danne tsirkiya a kan ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙarafan da ke jere a allon yatsu, a duba ratar da ke tsakaninta da ƙarfe na takwas. Kimanin milimita 0.3 zuwa 0.35 ake so. Idan bai yi ba, a sake daga farko. Masu gaggawa sukan cusa ƙaramin sukundireba a karkace ba tare da sun ɗaga wuyan ba, sai su cinye bakin notin, su kuma ƙwarzane faifan roban da ke fuskar jitar. Noti da ya cinye a wannan wurin aiki ne babba.

Akwai ƙananan abubuwa ma. Makunnan saita murya na tsohuwar ƙira a juye suke juyawa, sai hannu ya saba. Fuskar allon yatsu ta fi tudu, awon lanƙwasarta inci 7.25 maimakon 9.5 na yanzu (ƙaramar lamba ce ta fi tudu), don haka dole tsayin tsirkiyoyi a kan jaki, wato ƙarfen da suke hawa a jikin jitar, ya bi wannan tudun, in ba haka ba na tsakiya su riƙa gogar ƙarfe. Jazz Bass kuma fikof biyu gare ta, kowanne naɗi ɗaya. Idan an buɗe su duka daidai, shiru za a ji. Da an rage ɗaya, ƙugi ya taso, kuma a wurin da ake amfani da janareta ko wayarin da ba shi da kyakkyawan as, abin ya fi muni. Liƙa takardar tagulla a ramukan wayoyin, a haɗa ta da as ɗin jitar, yana rage tsuwar da ke shigowa daga waje, ko da yake ba ya kashe ƙugin gaba ɗaya. A kan maimaici wannan gyara ba ya rage komai. A kan 'yar asali kuwa duk dalmar da aka narkar kuɗi ne ke zubewa.

Sai fenti. Tsofaffin an fesa musu naitro ne, wanda ba shi da kauri, yana gogewa inda hannu ke bi, yana tsattsagewa idan zafi ko sanyi ya sauya farat ɗaya, kuma yana narkewa idan ya daɗe jingine da wasu nau'o'in roba. Jitar da aka bari a kan matsaya mai roba tsawon wata guda tana iya tashi da tabo a wuya. Ba kowane maimaici ke da naitro ba. American Vintage II da Fender ya fito da shi a 2022 yana da shi a samfuran bas ɗinsa, yayin da Vintera na masana'antar Ensenada a Mekziko, wanda ya fito a 2019, galibi fentin zamani mai tauri ne. Ga wanda zai riƙa yawo da jitarsa daga biki zuwa biki, na biyun ya fi kwanciyar hankali.

Akwai abin da ba ya maimaituwa. Rosewud ɗin Brazil da aka yi amfani da shi a farkon shekarun 1960 ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta tsaurara cinikinsu tun 1992, saboda haka ana maye gurbinsa da na Indiya ko wani katako mai suna pau ferro. Amma zancen cewa muryar da ke tsofaffin faya-fayai tana cikin tsufan katako, an zuzuta shi fiye da kima. James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin faya-fayan Motown, ya kaɗa Precision ta 1962 ne da tsirkiyoyi masu santsi na La Bella, da soso a ƙarƙashin murfin jaki yana danne su. Wanda ya ɗaura wa maimaici tsirkiyoyi masu santsi, ya cusa ɗan soso kusa da jaki, ya fi kusa da waccan muryar fiye da mai 'yar asali da sababbin tsirkiyoyi masu kaushi.

Ba Fender kaɗai ke yi ba. Höfner ya sha maimaita 500/1, mai siffar goge na Turawa, irin wadda Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya saya a Hamburg a 1961. Kamfanin Rickenbacker ma ya yi 4001V63, maimaicin samfurinsa na 4001. Tsohuwar 4001 sanduna biyu ne a wuyanta, kuma sai an lanƙwasa wuyan da hannu kafin a ɗaure noti. Wanda ya ɗaure kai tsaye zai iya ɓamɓare allon yatsu.

Inda ake cutar mutane shi ne a sayar da maimaici da sunan 'yar asali, musamman tun da Fender ya fara tsufar da sababbin jitoci da gangan a 1995, ana goge fenti ana sa wa ƙarfe tsatsa. Kallon waje ba ya raba gardama, sai an buɗe. Maimaicin Amurka lambarsa a farantin bayan wuya tana farawa da V. A gindin wuya akan samu kwanan watan ƙira. A bayan makunnan ƙara akwai lamba: 137 na nufin kamfanin CTS, 304 na Stackpole, sai shekara da mako su biyo baya, kamar 1376412, wato mako na 12 a 1964. Wannan lambar tana nuna cewa ba a haɗa jitar kafin lokacin ba, idan makunnin nata ne tun asali. Farantin lamba kuwa sukurori huɗu ne ke riƙe da shi, kowa na iya sauya shi cikin minti biyar. Saboda haka ake duba wuya, makunnai, fikof da dalmar wayoyi gaba ɗaya, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Ko tsohuwa ko maimaici, idan ta iso Arewa hunturu zai gwada ta. Allon yatsu yakan tsuke saboda bushewar iska, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, wuyan ma ya motsa. A riƙa ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji, kada ruwan ya taɓa katako, sannan a sake auna wuyan idan hunturu ya kama da kuma idan damina ta sauka.